Awo Na Biyu

Ranar da za a zo auna shi, da sassafe Yaya ta dira gidan da tsintsiya da bokiti biyu, da irin fuskar nan da take ɗaurawa idan ta riga ta yanke hukunci a kan rayuwar wani. Shekarunsa hamsin da bakwai, gemu ya yi fari fat, amma a bakinta har yau Auta ne, kuma da alama a Auta zai koma ga Mahaliccinsa.

"Auta, wannan ɗaki naka ai akurkin kaji ya fi shi tsari. Nan baƙuwa za ta shigo?"

"Ba baƙuwa ba ce, Yaya. Ma'aikaciyar asibiti ce."

"Su ma'aikatan asibitin makafi ne?"

Ya matsa ya ba tsintsiya hanya. Tun da aka haife shi bai taɓa cin gardama da ita ba, bai kuma ga dalilin da zai sa ya fara yau ba.

A layin teloli, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana taka keken ɗinki, ba wanda ya san wani Auta. Can Inci-Biyu ake kiransa, domin duk awon da mutum ya faɗa masa da bakinsa sai ya ƙara inci biyu kafin ya sa almakashi. Layin ba shi da nisa. A miƙe titin gidan, a haura wani ɗan dakali wajen kwata, a karya dama, shi ke nan. Da can minti goma sha biyu yake yi, har da tsayawa gaisuwa. Yanzu wata goma sha huɗu rabonsa da wurin.

Ciwon da ya zaunar da shi yana da wani dogon suna da likitoci ke faɗa a hankali cikin ladabi, kamar sunan surukinsu. Shi dai abin da ya sani, ƙafafu ne suka fara yin murabus. Daga baya hannun dama ya koma aikin rabin rana: da safe yana nan daram, da zarar rana ta karkata sai ya tashi daga aiki ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Keken guragu na hannu da aka ba shi tun farko yana jingine a bayan ƙofa, ya zama wurin rataye tawul. Keken yana buƙatar hannu biyu masu aiki ko mutum ɗaya a baya, shi kuwa ba ko ɗaya. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarsa tana aure a wani gari mai nisa. Yaya, da gwiwoyinta masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa, Litinin da Alhamis kawai take iya zuwa.

Shi ya sa aka sa sunansa cikin masu neman keke mai batir. Ƙa'idar asibitin ba ta da wuya: za a zo gida a duba ka, a rubuta irin keken da ya dace da kai, kuma wanda aka rubuta ɗin shi ne naka har shekara biyar.

Cikin wata goma sha huɗun nan ya tsara gidan daidai jikinsa, kamar yadda yake tsara riga. Ya ɗaura igiya daga ƙafar gado zuwa ƙofar banɗaki. Ya jera kujerun roba uku a lungun da ke tsakanin ɗaki da kicin, kowace da tazarar taku biyu, kamar tashoshin mota. A ƙarƙashin gado akwai wata jarka mai murfi da ba sai an faɗi aikinta ba. A jikin bango kuwa, daidai tsayin ƙugu, tafin hannunsa ya zana wani baƙin layi tun daga gado har bakin ƙofa.

Cikin awa ɗaya Yaya ta shafe wannan duka. Ta kwance igiyar ta naɗe ta cusa a tukunya, ta ɗora tukunyar a saman kabad. Ta haɗa kujerun wuri ɗaya ta kai bayan gida. Ta dirje bangon da soso har fenti ya fara bin ruwan. Shi kuma, a faɗi gaskiya, bai hana ta ba. Shi ne ma ya nuna mata jarkar da haɓa ya ce, "Waccan ma a kawar." Kuma tun lokacin da aka kira daga asibiti aka tambaye shi lokacin da ya fi masa, shi da bakinsa ya zaɓi ƙarfe tara na safe. Ya sa rigarsa mafi kyau, wadda ya ɗinka wa kansa kafin ciwon, ya zauna a bakin gado yana ƙamshin sabulu kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Ma'aikaciyar ta iso tara saura biyar. Sa'ar 'yarsa ce, da takalmi mara tsini da fayil a hammata da tef ɗin awo a aljihu. Ya kira ta Likita. Ta ce ita ba likita ba ce, aikinta shi ne ta ga yadda mutum ke rayuwa a gidansa don ta zaɓa masa abin da ya dace. Ya ce ya gane. Ya ci gaba da kiranta Likita.

"Baba, kana iya tashi daga gado da kanka?"

"Ƙwarai kuwa."

Ba ƙarya ya yi ba. Igiyar ce dai bai ambata ba, ita kuma tana cikin tukunya ba ta da bakin magana.

"Banɗaki fa?"

"Ba matsala."

"Ko kaɗan?"

"Auta mutum ne mai ƙoƙari," in ji Yaya daga bakin ƙofa, tana riƙe da tiren shayi. "Tun yana ƙarami ba ya so a kama masa."

"Ka taɓa faɗuwa?"

Ya ɗaga ido sama kamar mai laluben tsohon tarihi. Sau huɗu a watan nan kaɗai. Na ƙarshen ma awa biyu ya kwashe a kwance tsakanin bango da firji yana nazarin ƙasan firjin, har ya gano inda ƙaramin cokalinsa ya ɓuya tun bara.

"Ɗan zamewa dai, irin na kowa."

Ta ce ya gwada tsayuwa. Ya tattaro duk abin da ya rage a jikinsa, har da wanda ya tanada don gobe da jibi, ya miƙe. Ya yi taku shida zuwa taga ya dawo, yana murmushi, zufa na gangara a gadon bayansa. Ta miƙo hannunta ta ce ya matse da na dama. Ya matse da hannun da ya yi shekara talatin yana yanka yadi mai kauri.

"Kai, Baba, za ka karya ni!" Ta fashe da dariya tana yarfe yatsu.

Dariyar nan ce ta ƙarasa shi. Ya manta rabon da wani ya yi dariya a ɗakin nan saboda shi. Nan take ya ji yana so ta tafi tana cewa yau ta haɗu da wani dattijo mai daɗin zama, wanda ba shi da ƙorafi.

"Waje fa? Kana fita?"

Idonsa ya kai taga ya dawo. "Ina zan je, 'yata? Mu da muka kwana biyu a duniya ai ɗaki ya ishe mu."

"Ba wani wuri da kake so ka riƙa zuwa?"

"Ba ya son yawo," in ji Yaya. "Ko lokacin da yake da ƙafa, daga gida sai shago."

Wannan ma gaskiya ce. Yaya dai ba ta taɓa lura cewa shagon shi ne duniyar gaba ɗaya ba.

Ma'aikaciyar ta ciro tef ta auna faɗin ƙugunsa, tsawon cinya, tsayin baya, faɗin ƙofofi. Ya yaba riƙon tef ɗinta a ransa, ba ta sa babban yatsa a ƙarƙashi. Ya zauna mata a miƙe kamar soja, ƙirji a gaba, ciki a ɗame. Ta shanye shayinta, ta yaba tsaftar gidan, ta tafi.

"Ka fitar da mu kunya," in ji Yaya tana haɗa bokitanta.

Kafin azahar hannun dama ya tashi daga aiki, ƙafafun kuma suka kama rawa kamar an jona su da wuta. Sai bayan da Yaya ta ja ƙofa ya tuna igiyar tana saman kabad, kujerun suna bayan gida. Kwana uku ya yi yana bin bango zuwa banɗaki. Kafin Alhamis, ranar da Yaya ta dawo ta sauko masa da kayansa tana mita, ya mayar wa bangon da layinsa.

Bayan mako uku takarda ta zo. An amince a ba shi keke mai batir, irin na cikin gida, mai ƙananan tayoyi, da ɗan sitiyarinsa a hannun dama. A ƙasa an rubuta dalili: mai nema yana da ƙarfin hannun dama sosai, ba ya faɗuwa, kuma ya bayyana cewa ba ya buƙatar fita waje. Idan ya yarda ya sa hannu ya mayar cikin mako biyu. Har da hoton keken. Ya daɗe yana kallon tayoyin. Ya taɓa ganin irinsu a gindin akwatin tafiya. Ya tuna dakalin wajen kwata, ya tuna ƙarfe huɗu na yamma da hannunsa na dama kwance a cinya kamar na aro.

Yaya ta karanta takardar sau biyu ta ɗaga hannu sama tana godiya. 'Yarsa ta kira a waya, yara na ihu a bayanta.

"Baba, ka sa hannu kawai. Wasu fa shekara uku suke jira ba su samu ba."

"Haka ne."

"Ko akwai wata matsala?"

"Ba komai. Ya yaran?"

Washegari da hantsi ya yanke shawarar sa hannun. Biro ya ɓata, kamar yadda biro ke yi idan ana nemansa. Ya ja jiki zuwa tsohon keken ɗinkinsa da ke lulluɓe a kusurwa, ya jawo ɗan aljihun teburin. Biro na nan, da alli guda biyu, da tef ɗinsa da ya koɗe har lambobin farko sun goge. A ƙarƙashinsu ga littafin awo.

Ya buɗe don kawai ya ga rubutunsa na da. Kowane mutum a littafin layi biyu gare shi, ɗaya a kan ɗaya.

Duk namijin da ya ga tef ya nufo ƙugunsa sai ya haɗiye tumbi. Ba ya ma sanin ya yi. Direba, malamin makaranta, ɗan kasuwa, mai gadi, duk ɗaya suke a gaban tef. Inci-Biyu bai taɓa ce wa kowa ya saki ciki ba, don wanda aka ce wa haka ƙara ɗamewa yake yi, ya kuma ji haushi. Sai ya auna ya rubuta, ya bar tef ɗin sake-sake a ƙugun mutum kamar ya manta da shi, ya ɗauko labarin yadda Mai Guga, maƙwabcinsa a layi, ya taɓa goge wando da kifin wani a aljihu. Da mutum ya tuntsire da dariya, tumbi ya dawo gidansa, sai ya ja tef ɗin ya sake rubutawa. Sannan ya zaunar da shi a benci ya auna cinya, domin ba a tsaye kawai ake sa wando ba. Layin farko na mai kaya ne, don ya tafi gida yana jin daɗi. Da na biyu ake yanka. Bambancin kusan kullum inci biyu ne.

Mutum ɗaya ne ya taɓa gagararsa, wani shugaban makaranta da bai yarda da dariya ba. Ya leƙa littafin ya ga lambar farko, ya ce da ita za a yanka, shi ya san jikinsa. Aka yanka da ita. Ranar raba kyaututtuka ya sunkuya zai ɗauki kofi a gaban iyayen yara, wando ya yi jawabin da ya fi nasa ƙara. Washegari ya zo layi ya zage Inci-Biyu tas, shi da kekensa da wanda ya koya masa ɗinki.

Ya dubi littafin, ya dubi takardar asibiti da ke kan cinyarsa. Sai ya ji dariya ta taso masa. Shekara talatin da ɗaya yana kama maza suna haɗiye tumbi, rana ɗaya tak aka zo da tef gidansa, ya haɗiye har da igiya da kujeru uku da jarka. Ya yi dariya har hawaye suka zubo. Ya waiga don ya ba wani labarin. Firji ne kawai ke gurnani a kicin.

Bai sa hannun ba. Ya buɗe sabon shafi, ya ja layi a tsakiya, ya rubuta Safe a gefe ɗaya, Yamma a ɗayan. Kwana goma yana auna kansa kamar baƙon da bai yarda da shi ba. Taku nawa kafin gwiwa ta lanƙwashe: da safe shida, da yamma ɗaya, wani lokaci babu. Riƙe kofi: da safe da hannu ɗaya, da yamma sai an haɗa da na hagu, rabin shayin kuma na riga ne. Faɗuwa: biyu, duk da yamma. Gefen Safe rubutu ne mai kyau na tela. Gefen Yamma da hagu ya rubuta shi, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan shafin.

Ranar Alhamis ya miƙa wa Yaya tef ɗin.

"Don Allah ki je wajen kwatar nan ki auno mini tsayin dakalin."

"In tsuguna a titi da tef kamar wadda ta zare? Me za ka yi da shi?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye tsintsiya ta kama ƙugu.

"Auta, mutane sun taso ƙafa da ƙafa sun zo, sun ba ka abu, ka ce bai yi maka ba? So kake a ce ba mu da godiya? Haka aka rene mu?"

"Yaya, in aka kawo wancan, a ɗakin nan zan riƙa zagaye kamar kifi a roba. Shekara biyar."

"To ina ne za ka je da ya fi nan?"

"Layi."

"Wa ka ajiye a layin? Cikinsu wa ya tako ya duba ka tun bara?"

Wannan ta same shi. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin littafin. Ta tsaya tana kallon tsakiyar kansa inda gashi ya ƙare, ta ja dogon tsaki, ta fizgi tef ɗin ta fita. Bayan rabin awa ta dawo tana haki.

"Inci huɗu da rabi. Kuma mai kanti ya tambaye ni ko gyaran titin za a fara."

Sau uku ya kira lambar da ke kan takardar. Na farko ya katse kafin a ɗauka. Na biyu aka haɗa shi da ma'aikaciyar, ya gaishe ta, ya tambayi aiki da mutanen gida, ya yi godiya ya kashe. Na uku ya dafe littafin da tafin hannu kamar mai rantsuwa.

"Likita, ni ne dai telan nan. Awon da kika yi mini, ki yi haƙuri, ba laifinki ba ne. Tumbi na haɗiye."

"Baba, ban gane ba."

Ya yi mata bayani, tun daga shugaban makaranta har zuwa tukunyar saman kabad. 

"Ina roƙon ki dawo ki sake aunawa," ya ce. "Amma da yamma, ƙarfe huɗu. Kuma ranar da ba Litinin ba, ba Alhamis ba."

"Zan iya dawowa. Amma ka sani, idan aka sake buɗe fayil ɗinka, wannan amincewar ta tashi. Za ka koma baya a layi, wata huɗu ko biyar. Kuma manyan kekuna na fita waje, kwamiti ne ke amincewa da su, suna iya ƙi."

Nan bakinsa ya buɗe da kansa zai ce to a bar shi kawai, Allah ya saka da alheri. Ya kama shi da ƙyar.

"Na yi wata goma sha biyar ina kallon bango ɗaya, 'yata. Na san shi, ya san ni. Wata biyar ba zai raba mu ba."

Ranar Laraba ma'aikaciyar ta zo, tare da wani ƙaton makanikin kekuna wanda bai cika magana ba, ya tsaya a waje wajen motarsu. Ta tura ƙofa, igiya ta tare ta a ƙugu. Ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashi, ta ratsa tsakanin kujerun roba, idonta na bin baƙin layin bango. Shi yana kishingiɗe a gado da rigar da ya sha shayi da ita, taswirar shayin tana nan a ƙirji. Jarkar na inda take. Ya ji kunya tana cin kunnuwansa, ya bar ta ta ci.

"Ni ma da laifina," ta ce a hankali. "Na ga bango a wanke, ban tambayi abin da aka wanke ba."

Ya miƙa mata littafin. Ta karanta shafin tana tsaye, sannan ta zauna ta sake karantawa. Ta ce ya gwada tashi. Ya kama igiya, ya ɗago rabi, ya koma. Bai yi murmushi ba. Ta miƙo hannu ta ce ya matse da na dama. Hannun ya kwanta a cikin nata kamar jiƙaƙƙen tsumma. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Da na hagu ya ɗan taɓuka.

"Sau nawa ka faɗi a watan da na fara zuwa?"

"Huɗu."

"Na ƙarshen, wa ya ɗaga ka?"

"Firji. Da shi na kama."

Ta rubuta. Ta daɗe tana rubutu. Sannan ta leƙa ta yi wa makanikin magana, ya sauko da keken gwaji daga mota, baƙi, mai manyan tayoyi masu ƙurji. Ya ciro sufana, cikin minti biyar ya kwance ɗan sitiyarin daga dama ya mayar hagu. Suka kama Inci-Biyu suka zaunar. Ya taɓa sitiyarin, wani ɗan ƙulli kamar murfin kwalba, keken ya yi tsalle ya kwashe fentin ƙofa.

"A hankali, Baba," in ji makanikin. Iyakar abin da ya faɗa ke nan ranar.

Titin ya fi yadda ya bar shi ƙara, ya kuma fi haske. Ya bi gefe a hankali, ma'aikaciyar na tafe a damansa da fayil, makanikin a baya. A wajen kwata ya tsaya ya dubi dakalin. Inci huɗu da rabi, awon Yaya daidai ne. Ya tura ƙullin. Keken ya yi gunji kaɗan, ya ɗaga gaba, ya haye kamar ba komai. Ya karya dama.

Shaguna takwas ya bari a layin teloli, duk na ɗinki. Yanzu uku na gyaran waya ne, ɗaya na aski, biyu a kulle da kwaɗo mai tsatsa. Nasa an cika shi da takalman roba har bakin ƙofa, wani mutum da bai sani ba yana zaune daidai inda kekensa ya yi shekara talatin. Shagon ɗinki ɗaya ya rage, wata mata mai tabarau a ciki, ita ma bai santa ba. A kusurwa kuwa, ƙarƙashin rumfar kwano, Mai Guga na nan a tsaye kan teburinsa, ya ƙara ranƙwafawa, ƙarar janareta ta gama cinye masa kunne.

Mai Guga ya ɗago kai, ya ƙura ido.

"Inci-Biyu! An ce mini ka mutu!"

"Ni ma na ji labarin."

"Eh?"

"Na ce ni ma na ji!"

"To madalla," in ji Mai Guga. Ya watsa wa wata riga ruwa ya ci gaba da guga.

Shi ke nan tarbar. Wata goma sha biyar yana shirya abin da zai faɗa idan aka taso aka kewaye shi, har da barkwanci guda uku. Mutane suna ta wucewa suna kauce wa keken ba tare da sun dubi wanda ke kai ba. Ya zauna yana shaƙar ƙamshin yadi mai zafi da hayaƙin janareta.

Ma'aikaciyar ta matso. Ya ga abin da ke fuskarta, irin kallon da ake yi wa mutumin da ya zo biki bayan an kwashe kujeru.

"Nan ne, Baba?"

"Nan ne."

Ta buɗe fayil. "Dole in rubuta musu. Sau nawa a mako kake ganin za ka riƙa zuwa?"

Amsar ta riga ta hau harshensa: ai ko sau ɗaya ma ya isa, kada a wahalar da kowa. Sai ya ji cikinsa ya ɗame da kansa a ƙarƙashin rigar mai shayi. Ya san wannan motsin, ya gan shi a jikin maza dubu. Ya saki numfashi a hankali har tumbin ya sauka kan cinyarsa.

"Kullum," ya ce. "Na ga ba wanda ya yi kewata, ba sai kin ɓoye fuska ba. Amma gara a ƙi kula ni a nan da a ƙi kula ni a ɗaki. Nan aƙalla akwai waɗanda za su ƙi kula ni ɗin. Ki rubuta kullum. Ranar ruwa ma ki rubuta, sai a ɗaura mini laima."

Ta rubuta. Ta juyo masa da takardar ya gani da idonsa, sannan ya sa hannu da hagu, rubutun kaza.

Wata biyar da kwana tara keken ya yi kafin ya iso. Yaya ta zagaya shi sau biyu ta ce wannan ai tarakta ce, kuma ita ba za ta riƙa goge sawun tayoyi ba. Tana gogewa Litinin da Alhamis.

Yanzu da ƙarfe uku yake fita. Yana ajiye keken tsakanin teburin Mai Guga da ƙofar matar nan mai tabarau, inda inuwa ke kaiwa. Yana ba Mai Guga labari, Mai Guga na cewa madalla a wuraren da bai kamata ba. Ba wanda ke kiransa Inci-Biyu sai Mai Gugan. Matar ba ta taɓa tambayarsa ko shi wane ne ba, gaisuwa ce kawai da kai.

Wata Talata wani mutum mai jaka ya shiga a auna shi. Daga inda Inci-Biyu yake yana hango su. Tef ya nufi ƙugu, mutumin ya miƙe kamar soja, tumbi ya ɓace. Matar ta duba lamba ta ɗauki biro. Inci-Biyu ya juya wajen Mai Guga ya ɗaga murya yadda za a ji har ciki.

"Kai, ka tuna ranar da ka goge wando da kifin mutane a aljihu, har magen layi ta bi mai wandon gida?"

"Madalla," in ji Mai Guga.

Mai jaka ya ƙyalƙyale da dariya, tumbi ya dawo gidansa. Matar ta dubi tef ɗin da ke ƙugunsa, ta dubi abin da ta rubuta. Ba ta waigo ba. Ta ja tef ɗin, ta rubuta wata lamba a ƙarƙashin ta farko.